Gigin tsufa ya kama Baba a Ingila: gidan kulawa ko a mayar da shi Zariya?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na iya rubuta ta, a yi min haƙuri da tsawonta. Mahaifinmu ya zo Ingila karatu tun shekarun 1970, ya yi aiki a nan har ya yi ritaya, yanzu ya haura tamanin. Bayan shanyewar ɓarin jiki da ya samu, likitoci suka tabbatar yana da gigin tsufa, irin wanda toshewar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke kawowa. Ga ciwon suga, allurar insulin ake masa. Mama ce ke tare da shi a gidansu a Birmingham, ita ma ta haura saba'in, gwiwa ta hana ta sakat. Ni ina aiki, ina da ƙananan yara, yayana kuma yana Kanada.

Yanzu Baba ba ya barcin dare. Sai ya tashi ya sa hula ya ce zai tafi masallacin ƙofar gidansu na Zariya. Ya taɓa ficewa cikin sanyi ba takalmi, 'yan sanda ne suka dawo da shi. Fitsari ya fara kufce masa, kuma ba ya yarda Mama ta taɓa shi, wani lokaci ma ba ya gane ta, sai ya ce wace ce wannan matar a ɗakinsa. Turancin da ya yi aiki da shi shekara arba'in yana ta zubewa, Hausa kawai ta rage masa. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta kansul, wato ƙaramar hukumar birnin, ta ce lokaci ya yi da za mu duba gidan kula da tsofaffi mai nas a ciki. Mama tana kuka, ni ma ina kuka. Yaya ya ce gara a mayar da shi gida Najeriya. Don Allah wanda ya san abin nan ya faɗa min gaskiya.

Alhaji na Coventry:
Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ce. 'Yata, zan faɗa miki abin da zan faɗa wa wadda na haifa. Mu ba mu gaji kai iyaye gidan gajiyayyu ba. Mutumin da ya ɗauke ki a kafaɗa, ya ci wahalar sanyin ƙasar nan don ki zama mutum, yau ya gaza sai a miƙa shi ga baƙi su riƙa juya shi? Allah Ya ce kada a ce musu ko "uf". Ki rage aikin, yayanki ya dawo, ku riƙe mahaifinku. Kwana nawa ne ya rage?

Anti Nas:
Baba Alhaji, ina girmama maganarka, amma "kwana nawa ne" ɗin nan shi ke karya iyalai. Gigin tsufa ba ciwon wata uku ba ne, mutum na iya kai shekara takwas ko goma da shi, kullum nauyin ƙaruwa yake. Ni a irin gidajen nan nake aiki, kuma na ga matan da suka riga mazajensu marasa lafiya rasuwa saboda rashin barci da hawan jini.

Ƙanwata, kafin komai: in ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana biyu ko uku, kada ki ce ciwon ne ya ci gaba. A duba fitsarinsa ko akwai ƙwayar cuta, a duba sugansa ko yana faɗuwa da dare, a duba ko ya kwana biyu bai yi bayan gida ba. Waɗannan ukun suna birkita tsoho sosai, kuma suna da magani. Mai insulin da ba ya cin abinci kan lokaci, faɗuwar suga kaɗai na iya sa shi fita titi yana sambatu.

Sannan gidajen kala biyu ne. Akwai wanda ma'aikatan kula ne kawai a ciki, su yi wanka, su ciyar, su ba da magani, in allura ta taso nas ta unguwa ta zo daga waje. Akwai wanda nas ke kwana a ciki dare da rana. Mai suga da shanyewar jiki da fita da dare, na biyun ne ya fi dacewa da shi, kuma wanda ke da sashe na musamman na masu gigin tsufa, ƙofarsa da lambobin sirri.

Alhaji na Coventry:
Wato a kulle shi ke nan.

Anti Nas:
A gida ma Mama kulle ƙofa take yi ta ɓoye mukulli, Baba, ko ba haka ba Maman Sadiq? Bambancin shi ne a can doka ta tilasta sai kansul ta turo mai bincike ya tabbatar hana shi fitar don amfaninsa ne, a naɗa masa wakili daga danginsa, kuma ana sabunta izinin, ba ya wuce shekara guda a lokaci ɗaya.

Maman Sadiq:
Haka ne Anti. A ƙarƙashin filo take kwana da mukullin.

Yaya Sani:
Ni ina bayan yayanki. Kuɗin da za a kashe a mako ɗaya a gidan nan ya isa a ɗauki mutum biyu su yi masa hidima wata da watanni a Zariya. Ga dangi, ga kiran salla a kunnensa, ga tuwo, ga rana. Shi da bakinsa yake cewa Zariya zai tafi. Me ya sa ba za a ji maganarsa ba?

Ummi ta Kaduna:
Yaya Sani, ni daga gida nake rubutu, kuma ni na yi jinyar kakarmu har Allah Ya karɓi abarsa. Ka ce ga dangi. Dangi suna zuwa ranar Juma'a da lemo da ayaba, su zauna rabin awa, su ce sannu, su tafi. Wankin kashi da ƙarfe uku na dare mace ɗaya ce ke yinsa, ko 'ya ko matar ɗa, kuma ba a taɓa tambayarta ko za ta iya. In tsohuwa ta zage ta a gaban baƙi ko ta ce an sace mata zobe, sai a fara kallonta ita ma. Mu har maƙwabta sai da suka fara raɗe-raɗin wai kaka maita ce ta fito mata, saboda tana kiran sunayen matattu da dare. Wasu suka ce aljanu ne, aka yi ta hayaƙi da ruƙiyya, ita kuwa baiwar Allah tsoro kawai take ƙara ji.

'Yan aikin da kake cewa a ɗauka, yara ne daga ƙauye da ba wanda ya koya musu komai. In tsoho ya ɗaga musu hannu, ko su gudu ko su rama a ɓoye. Akwai gidajen da ake rufe tsoho a ɗakin baya a riƙa miƙa masa abinci, mutanen gari kuma suna yabon 'ya'yan da cewa sun riƙe ubansu. Ba ina cewa kowa haka yake ba, akwai masu yi tsakani da Allah, na san su. Amma kada a zauna a Ingila ana zana mana Najeriyar da babu ita.

Insulin kuma firij yake so. Da wutar da muke gani a nan, sai an yi sola.

Yaya Sani:
Sola ai ba gagara ba ce ga wanda ke karɓar fansho da fam.

Malam Lauya:
Tunda an zo kan fansho, bari in sa baki. Fanshon gwamnatin Birtaniya ana biyansa ko mutum yana Najeriya, amma ba ya samun ƙarin shekara-shekara, a kan adadin da ya bar ƙasar da shi zai tsaya. Kuɗin tallafin jinya da ake kira Attendance Allowance kuwa yankewa yake in mutum ya koma can da zama. Ku sa wannan a lissafi.

Hajiya Maman Sadiq, tambaya ɗaya mai muhimmanci: Baba ya taɓa sa hannu a takardar wakilci, wadda suke kira Lasting Power of Attorney? Kala biyu ce, ta lafiya da walwala, da ta kuɗi da dukiya. Dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta ce sai mutum yana cikin hayyacinsa zai iya ba da ita. In bai yi ba kuma hankalin ya riga ya yi nisa, ba ke ba Mama ba wanda zai iya taɓa asusunsa sai kun je kotun kare masu rauni ta naɗa ku, wannan kuwa watanni yake ci da kuɗi. Haka nan ɗauke shi daga ƙasar ba abu ne da za ku yanke ku kaɗai ba in ba shi da ikon amincewa, dole a zauna da likita da kansul a duba abin da ya fi masa alheri.

Duk wanda ke zauren nan da iyayensa ke da sauran lafiya, a yi takardar nan tun yanzu. Iyayenmu suna ɗaukar ta kamar kiran mutuwa, a lallaɓa su.

Maman Sadiq:
Ta kuɗi ya yi wa Mama tun bayan shanyewar jikin. Ta lafiya ce bai yi ba.

Malam Lauya:
Alhamdulillahi, rabin wahalar ta ragu. Sai batun biya. A Ingila, in abin da ya mallaka ya haura fam 23,250 shi zai biya kuɗin gidan gaba ɗaya, kuma gidan da ke da nas yawanci ya haura fam dubu a mako. In ya gaza fam 14,250 ba a taɓa ajiyarsa, sai dai a ɗauki mafi yawan fanshonsa kansul ta cika. Abin da zai kwantar wa Mama hankali: muddin tana zaune a gidansu, ba a sa gidan cikin lissafi. Ba wanda zai sayar da shi a kanta.

Ki kuma nemi a yi masa gwajin NHS Continuing Healthcare. In aka ga babbar buƙatarsa ta lafiya ce, NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, ita ce za ta biya komai ba tare da duba aljihunsa ba. Gigin tsufa shi kaɗai ba ya sa a samu, suna duba tsananin buƙatar, da sarƙaƙiyarta, da yadda ba a iya hasashenta. Ana fara cike gajeriyar takarda, in ya tsallake a zauna babban zama. Mutanenmu suna faɗuwa a zaman nan saboda kunya. A tambayi Mama yaya yake, ta ce "da sauƙi, alhamdulillahi", su kuwa su rubuta da sauƙi. Ki fara rubuta abin da ke faruwa kowane dare a littafi, har duka da fitsarin, ki je da shi. Ko bai samu wannan ba, akwai kason da NHS ke biyan gidan kai tsaye na aikin nas, sama da fam 200 a mako.

Ki kula da abu ɗaya: in kun zaɓi gidan da ya fi abin da kansul ta yarda ta biya, za a ce dangi su cika ragowar. Kada ki sa hannu a kan wannan sai kin tabbatar za ki iya ɗauka shekaru, domin kuɗin hawa yake duk shekara.

Ɗan Zazzau:
Salamu alaikum. Ni ban cika magana a nan ba, amma wannan aikina ne. Na shigo da bizar masu kula da aka buɗe a 2022, a sashen masu gigin tsufa nake, yawanci aikin dare. Zan faɗi abin da ba ya cikin takardun tallansu.

Babu dokar da ta ƙayyade ma'aikaci nawa ga tsoho nawa, cewa kawai aka yi su wadatar. Da rana za ki ga mutane birjik, da dare sai ki tarar mu biyu ne a kan bene guda. In muna canza wa wani a ɗaki, wanda ya tashi yana yawo ba mai ganinsa. Don haka, Anti Maman Sadiq, in kin je duba gida ki tambayi mutum nawa ke kwana, kuma nawa ne ma'aikatan dindindin, nawa ne na haya da ake kirowa daga kamfani. Fuskar da ke canzawa kullum tana firgita mai wannan ciwo. Ki je da yamma wajen la'asar zuwa magariba, lokacin ne suka fi rikicewa, a nan za ki ga halin ma'aikata. Ki duba farcen tsofaffin, ki duba ko akwai ruwan sha kusa da hannunsu. Rahoton hukumar CQC mai sa ido kan gidajen kulawa yana intanet kyauta, matakai huɗu suke bayarwa, amma ki duba shekarar da aka yi binciken, wani ya tsufa, manaja ma ta canza.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Na ga tsofaffi 'yan Pakistan da 'yan Somaliya da Turanci ya gudu daga bakinsu. Mutum yana cewa cikinsa na ciwo, ko yana neman buta, ba mai ji. Ya maimaita, ya ɗaga murya, ya buga tebur, sai a rubuta a fayil wai yana da faɗa. Daga nan sai a kira likita, a fara maganar maganin kwantarwa. Alhali ruwa yake nema ya yi tsarki. Su da tishu da auduga mai laima suke goge mutum, shi kuma a ransa da najasa a jikinsa, ba zai yi salla ba, ba zai zauna lafiya ba. Na taɓa zuwa aiki na tarar an aske wa wani dattijo gemu tas, yarinyar da ta yi ba mugunta ta nufa ba, a ganinta gyara shi ta yi.

Alhaji na Coventry:
To kun ji. Ɗan cikin gida ne ya faɗa, ba ni ba.

Ɗan Zazzau:
Baba, ban faɗa don a fasa ba, na faɗa don a shiga da ido buɗe. Duk abin da na lissafa, tsohon da 'ya'yansa ke zuwa kullum ba ya samunsa. Wanda ake leƙowa sau ɗaya a wata shi ne abin tausayi, kuma wallahi akwai irinsu a kowace ƙabila. Akwai takarda da ƙungiyar Alzheimer's Society ta fitar mai suna This is me, ana rubuta yadda mutum yake so a kira shi, abincinsa, ibadarsa, abin da ke tsorata shi. Ki cike ta dalla-dalla: namiji ne zai masa wanka, ba a taɓa gemu, a ajiye buta a banɗaki, a nuna masa alƙibla, nama sai na halal. Ki rubuta musu kalmomi goma na Hausa da yadda ake furta su, ruwa, ciwo, sanyi, banɗaki, salla, ki manna a bango. Ma'aikata da yawa suna so su koya, ba wanda ya nuna musu ne.

Anti Nas:
Ƙari kan maganin kwantarwa: irin su risperidone suna ƙara haɗarin shanyewar jiki ga masu gigin tsufa, shi kuma ya riga ya taɓa samu. In an kawo maganar, ki tambayi me aka gwada kafin nan, kuma yaushe za a sake dubawa a cire.

Malam Ustaz:
Bismillah. Alhaji ya kawo ayar Suratul Isra'i, gaskiya ce, ba mai jayayya da ita. Sai dai abin da ayar ta wajabta shi ne kyautatawa, ba ta ce lallai hannunka ne zai yi kowane aiki ba. Wanda ya kai mahaifinsa asibiti aka kwantar da shi wata biyu, ba mu cewa ya yar da shi. Wanda ya ɗauko mai jinya ya biya, ba mu cewa ya yi saɓo. Abin dubawa shi ne ina uban zai fi samun tsafta da aminci da mutunci, kuma shin 'ya'yan sun ci gaba da tsayuwa a kansa ko sun juya baya. Kuma Mama, matarsa, ita ma uwa ce, haƙƙinta a kan Maman Sadiq bai gaza nasa ba. Ba a gyara haƙƙin uba da rushe lafiyar uwa.

Allah da kanSa Ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70, cewa akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi rauni na rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Ba maita ba ce, ba aljanu ba ne, ba kuma hukuncin wani zunubi ba ne. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. In ya yi azahar sau huɗu a bar shi, in ya yi ba alwala kada a tsawata masa. Azumi kuwa, mai insulin da ba ya cikin hayyacinsa, kada a bari ya yi ko ya nace.

Alhaji na Coventry:
Malam, na ji, kuma ba na musu da ilimi. Amma ni abin da nake tsoro shi ne ƙofar da ake buɗewa. Yau an kai wanda ya kai wannan hali, gobe yaranmu da aka haifa a nan za su kai wanda mantuwar mukulli kawai yake yi. Ni ma tsufa nake. Ina rubutun nan ina tunanin kaina.

Hajiya Babba:
Alhaji, tsoronka nawa ne, duk mu da muka tsufa a ƙasar nan muna kwana da shi. Amma bari in yi magana, don ni na kai mijina, kuma mutanen zauren nan da yawa sun san haka, wasu sun daina gaishe ni a lokacin.

Na riƙe shi a gida har ranar da ya faɗi a banɗaki na kasa ɗaga shi, muka zauna a ƙasa ni da shi muna jiran motar asibiti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da aka kai shi gidan, kullum bayan azahar ina can. Ni nake ba shi abincin rana da hannuna, in kai masa kunun gyaɗa, da haɗiya ta fara masa wuya suka nuna min yadda zan kaurara shi don kada ya shaƙe. In kunna masa karatun Alƙur'ani, sai ka ga leɓensa na bi, mutumin da bai san sunana ba. In dawo gida in yi barci. Da na samu barci sai na daina yi masa tsawa. A gida, Allah Ya yafe mana, gajiya tana sa ka faɗi abin da ya fi "uf".

Ba zan ce miki komai daidai ne a can ba. Kayansa sun sha ɓata a wanki, na sha samunsa da rigar wani. Na yi faɗa da manaja a kan ƙaiƙayin zama da ya fara fito masa a baya. A 2020 da aka rufe gidajen saboda korona, ta taga nake ganinsa, wannan ba na so in tuna. Amma 'yata, ba ki da laifi in kin kai shi, kuma ba ki da laifi in kin ga za ku iya ƙara riƙe shi. Ki tambayi mahaifiyarki ita kaɗai, ba a gaban kowa ba, ki ce Mama za ki iya? Ki saurari abin da za ta ce bayan ta gama cewa "ai dole".

Maman Sadiq:
Hajiya, na karanta naki sau biyu. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya saka miki.

Likita daga Kano:
Amin. Ina so in amsa wa Yaya Sani kan cewa Baba da bakinsa yake neman Zariya. A asibiti muna ganin tsofaffin da ba su taɓa barin unguwarsu ba, suna zaune a ɗakin da suka yi shekara hamsin a ciki, suna ɗaure kaya suna cewa a kai su gida. Zariyar da yake nema ta ƙuruciyarsa ce, da mahaifiyarsa a tsakar gida da abokansa a ƙofar masallaci. In an sauke shi a can yau, zai ga gidan da bai sani ba da fuskokin da bai sani ba, kuma canjin wuri da doguwar tafiya suna ƙara ruɗa mai wannan ciwo. Akwai waɗanda komawa ta yi musu kyau, amma yawanci waɗanda aka mayar tun ciwon bai yi nisa ba ne, kuma akwai tsayayyen mutum guda da ya ɗauki nauyin.

Kada kuma a ɗauka ciwon Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da shi, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke. Irin na Baba ma, hawan jini da suga da ba a kula da su ba ne kan gaba wajen kawo shi, waɗannan kuwa sun cika gidajenmu. Likitoci muna da su, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na ABU a Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri. A Ibadan akwai cibiyar kula da lafiyar tsofaffi a asibitin koyarwa na UCH tun 2012. Abin da muka rasa shi ne na tsakiya: wurin da za a kai tsoho da safe a ɗauko shi da yamma, da horar da masu jinya a gida, da wanda zai karɓi mai jinya ta huta ko na mako guda. Masu kuɗinmu suna gina masallatai a jere a layi ɗaya, ina ma wani zai yi waƙafin irin wannan.

Yaya Sani:
Likita, na karɓi maganar canjin wuri. Amma har yanzu ina ganin mutum ya cika a cikin danginsa, a binne shi kusa da iyayensa, ya fi.

Anti Nas:
Wannan ma sai an shirya shi tun da wuri in a nan zai zauna. Ki sa a rubuta a fayil ɗinsa cewa in ajali ya matso a kira ku ko ƙarfe nawa ne, kada su kira masu ɗaukar gawa nasu, lambar kwamitin jana'iza na masallaci za su kira. Tun Satumbar 2024 kowace rasuwa sai likita mai tantancewa ya duba kafin a ba da takarda, in sun san Musulmi ne suna ƙoƙarin hanzartawa, amma sai an faɗa musu.

Kuma ba dole ba ne ki yanke yau. Ki nemi kansul ta ba shi zaman hutu na mako biyu a gidan da kika zaɓa, ki ga yadda zai karɓa, Mama ta samu ta runtsa. Ita ma tana da haƙƙin a yi mata nata gwajin na mai jinya ƙarƙashin dokar kulawa ta 2014. Kafin nan ki cike fom ɗin Herbert Protocol, ki sa hotonsa da wuraren da yake nufa, don in ya sake fita 'yan sanda su san inda za su fara. Akwai kuma nas-nas na Admiral, ƙwararru kan gigin tsufa, na ƙungiyar Dementia UK, kiran layinsu kyauta ne.

Alhaji na Coventry:
Ni dai ban canza ra'ayi ba. Amma in har an kai shi, a ba ni sunan gidan. Coventry zuwa Birmingham ba nisa, ranar Juma'a bayan masallaci zan riƙa zuwa mu yi hira da Hausa. Na san Zariyar da yake magana, a Tudun Wada na yi makaranta.

Shugaban Zaure:
Madalla da wannan, Baba Alhaji. Akwai wasu iyayen namu biyu da na sani a gidajen kulawa, ɗaya a Manchester ɗaya a Landan, su ma ba mai yi musu Hausa. Duk mai iya ba da awa ɗaya a mako ya turo min sunansa da garinsa ta akwatin sirri, maza ga maza, mata ga mata, kuma sai da izinin iyalan. Ɗan Zazzau, in mutum zai riƙa zuwa a kai a kai ba dangi ba ne, gidan zai nemi takardar DBS ta binciken tarihin laifin mutum ko izinin iyali ya isa?

Ɗan Zazzau:
In a matsayin abokin iyali ya zo, sunansa kawai za a sa a jerin masu ziyara. In kuma ƙungiya ce ke turo shi a matsayin ɗan sa-kai, yawancin gidaje za su nemi DBS. Zan tambayi manajarmu yadda ake yi in na shiga aiki yau da dare, in turo muku.